Gurbin da Babu a Takarda

A biron da ke bayan kasuwa
Mushe Tsahiru ya gyara tabarau, ya ce: Sana'a?
Na ce: Karatun dutse.
Ya yi dariya har hatimi ya faɗo daga tebur.

Ya bi jerin da ɗan yatsa.
Likita na nan, lauya na nan,
mai zanen gini ma an ba shi layinsa.
Ke kuwa, ko ƴar kwangila,
ko mai ginar rijiya.
Zaɓi ɗaya, Zuwaira, azahar ta kusa.

Shekara bakwai na yi ina koyon
harshen abin da ba ya magana.
Damagaram kan dutse take zaune
zaman tukunya kan murhu.
Duwatsun Birni da yara ke hawa
kawunansu ne kawai a waje,
sauran jikin yana ƙarƙashin kujerarka, Mushe.
Ruwa ba ya ratsa shi sai ta tsaga,
tsagar kuwa ba ta fi ta goro ba.
Ka kauce mata da taki biyar,
ka binne dukiyar mutane.

Haka aka yi a ƙauyen kakata.
Wani ya zo da babbar mota da hular kwano,
ya nuna gindin aduwa da sanda.
Mata suka sayar da awaki,
maza suka sayar da gero tun yana tsaye.
Kwana tara inji na kuka.
Mita tamanin, sai garin dutse,
babu danshin da zai jiƙa bakin kurciya.
Da asuba ya ɗaure kayansa.
Bai sa hannu ba, bai bar suna ba.
Wa za a kai ƙara? Ramin?

Shi ya sa mu shida muka zauna
muka rubuta roƙo a sa mu cikin doka.
Kada ka ɗauka girma nake nema.
Igiya nake so a ƙafata:
in na ce a haƙa nan, in sa hannu,
in ya fito busasshe
a san ƙofar da za a buga,
a san sunan da za a goge.
Mai yanka cikin mutum an tambaye shi takarda.
Mai yanka cikin ƙasa fa?

Sai dai akwai Baba Girema.

Shekara arba'in yana sauka da igiyar kaba.
Rijiya sittin da ɗaya, biyu ne suka ba shi kunya,
yana kuma kiran sunan garuruwan har yau.
Yana duba suri, ya ga launin yumɓun da gara ta ɗauko,
ya ɗanɗana, ya tofar, ya yi shiru.
Ranar da na shimfiɗa wayoyina a Mirya
na gama lissafi bayan la'asar,
na tarar da shi zaune daidai wurin
tun hantsi, yana gyaran takalmi.

Na karanta masa roƙonmu duka.
Ya saurara, kansa a ƙasa.
Ya ce: Yayi kyau, ƴata.
Dokar nan, in ta zo, za ta san ni?

Ban amsa ba.
Na san injin da ke jin ruwa daga nesa,
ban san wannan ba.

Da dare na ɗauko takardar,
na ƙara layi da fensir a gefe,
na goge, na sake rubutawa.
Abokaina biyar ba su gani ba tukuna.

Mushe Tsahiru yana jira, biro a sama.
Ta taga ina hango jarkoki rawaya
sun yi layi a bakin famfon da bai zo ba tun jiya,
kowace da dutse a kanta yana riƙe mata wuri.

Na ce: Bar gurbin a buɗe.
Ya ce: Takarda ba ta son fili.
Na ce: Bar shi dai. Zan dawo Litinin,
kuma ba ni kaɗai ba.